Yadda ake maida rubutu manyan baƙaƙe a Python ba tare da ƙ, ɗ da ɓ sun lalace ba

Kwanakin baya wata makaranta a unguwarmu suka kira ni in duba musu katin shaidar ɗalibai da aka buga, shugaban makarantar yace shi tun farko sharaɗinsa ɗaya ne, a rubuta sunan ɗalibi da garinsa duka da manyan baƙaƙe. Ina ɗaukar katin farko sai naga garin yaron an rubuta HAɗEJA, na gaba kuma ƙANƙARA, duk sauran baƙaƙen sun girma amma masu ƙugiya sun tsaya ƙanana a tsakiya kamar an manta da su. Wallahi abin ya min ciwo, don katin nan yaro zai rataya shi a wuya shekara guda, kuma gyaran bai kai layi biyu na kod ba. Shi yasa nace bari in zauna in rubuta yadda ake abin nan tun daga farko, da yaren kod na Python zamu yi don shi na fi amfani da shi, amma zan taɓa PHP da JavaScript da SQLite a gaba, don a PHP da SQLite ne matsalar ta fi ɓuya.

Da farko ka tabbatar Python 3 ne a kwamfutarka. Buɗe tamina, wato tagar da ake rubuta wa kwamfuta umarni, ka rubuta `python --version`, in kaga lamba ta fara da 3 shikenan. Python 3 ya fito tun Disambar 2008, shi kuma Python 2 an daina kula da shi daga 1 ga Janairun 2020, amma har yanzu zaka samu tsofaffin kwamfutoci da tsofaffin darussa na intanet suna kansa, kuma a wannan maganar tamu bambancin babba ne, don a Python 2 rubutu na yau da kullum bayit ne kawai a jere, wato ƙananan lambobin da kwamfuta ke ajiye bayani da su, bai san ƙ harafi ɗaya bane. In baka da kwamfuta kada ka damu, manhajar Pydroid 3 a wayar Android zata yi duk kod ɗin Python da ke nan. Kibod kuma ka ƙara Hausa a Gboard, in ka danne k ko d ko b ka riƙe zaka ga mai ƙugiyar ya fito.

To ga ainihin abin, layi ɗaya ne:

```python
gari = "ƙanƙara"
print(gari.upper())
```

Zai buga maka ƘANƘARA, tsaf, duka ƙugiyoyin biyu sun girma. Gwada `"haɗeja".upper()` ka samu HAƊEJA, `"ɓera".upper()` ya baka ƁERA, ƴan'uwanmu na Nijar masu rubuta ƴ maimakon 'y suma `"ƴaƴa".upper()` zai basu ƳAƳA. Lambobi da waƙafi da aya da alhamza babu abin da ke taɓa su, `"jama'a 2024".upper()` zai dawo JAMA'A 2024.

Mataki na biyu shine wanda kusan duk sabon ɗan koyo yake faɗawa a ciki. Kalli wannan:

```python
gari = "haɗeja"
gari.upper()
print(gari)
```

Zaka ga haɗeja ya fito yadda yake, sai ka fara tunanin ko Python ɗin ne ya lalace. Lafiyarsa ƙalau. A Python rubutu baya canzuwa a inda yake, `upper` sabon rubutu yake ƙerawa ya miƙo maka, in baka karɓa ka ajiye ba ya tafi kenan. Don haka sai ka rubuta `gari = gari.upper()`, ko kuma wanda ni na fi so, ka bashi sabon suna:

```python
gari_babba = gari.upper()
```

Dalilin da yasa na fi son sabon suna shine, maida rubutu manya hanya ce mai zuwa babu dawowa. In ka maida "Abdul-Aziz na Ƙofar Mata" manya sannan ka goge na asali, babu wani `lower` da zai dawo maka da inda babban baƙi yake da inda ƙarami yake, sai dai ka zauna ka gyara da hannu ɗaya bayan ɗaya. Ka ajiye na asali a rumbun bayananka yadda mai shi ya rubuta, sai lokacin nunawa ko bugawa ka maida shi manya.

Yanzu bari in tsaya kan dalilin da yasa katin can ya lalace, don in ka gane wannan zaka gane sauran duka. Kwamfuta bata san harafi ba, lamba ta sani. A tsohon tsarin ASCII wanda aka yi a Amurka a shekarun 1960, alamomi 128 ne kacal, A lambarsa 65, ƙaramin a kuma 97, B 66 ne b 98, haka har zuwa Z, tazarar kullum 32. Shi yasa a darussa da yawa zaka ga ana koyar da cewa ka cire 32 daga lambar harafi ya zama babba:

```python
print(chr(ord("a") - 32))
```

Wannan zai baka A, don `ord` lambar harafi yake badawa, `chr` kuma ya maida lamba harafi, kuma dabara ce mai kyau don fahimtar yadda abin yake a ciki. Amma gwada ta da ƙ. Lambar ƙ a Unicode, tsarin da ya ba haruffan yarukan duniya lamba, 409 ce, in ka cire 32 ka samu 377, wanda shine Ź, harafin mutanen Foland, babu ruwansa da Hausa. Babban Ƙ na gaskiya lambarsa 408, tazarar ɗaya ce tak. Shi kuma ɗ yana 599 babbansa Ɗ yana can 394, ɓ yana 595 babbansa Ɓ yana 385, kaga babu wani lissafi ɗaya da zai haɗa su. Unicode tebur ne da shi na musamman da yake cewa wannan harafin ga babbansa, kuma `upper` na Python 3 wannan teburin yake dubawa. Duk wani kayan aikin da bai duba teburin ba, a zuwa z kawai yake iya girmamawa, sauran ya tsallake su. Don haka dabarar 32 ka barta a aji, kada ta shiga aikin da mutane zasu yi amfani da shi.

Ko a cikin Python 3 ɗin ma zaka iya faɗawa ramin in rubutun naka yana matsayin bayit, misali abin da ka ɗauko daga intanet baka fassara shi ba tukuna:

```python
danye = "ƙasa".encode("utf-8")
print(danye.upper().decode("utf-8"))
```

Sakamakon ƙASA ne. A UTF-8, wato tsarin ajiye haruffan Unicode a matsayin bayit, harafin ƙ bayit biyu ne, `upper` na bayit kuma ASCII kawai ya sani. Maganin shine ka fara `decode` sannan ka yi `upper`, wato `danye.decode("utf-8").upper()`, jerin ne kawai ya bambanta.

Mataki na uku, fayil. Aikin gaske ba kalma ɗaya ake baka ba, jerin sunaye ɗari biyar ne a Excel. Kafin ma ka taɓa Python, wajen ajiye fayil ɗin a Excel ka zaɓi CSV UTF-8, kada ka zaɓi CSV na haka kawai, don shi wancan yana iya maida duk ƙ da ɗ alamar tambaya tun a wajen ajiyewa, kuma in sun zama alamar tambaya babu kod ɗin da zai dawo da su. Bayan nan:

```python
import csv

with open("dalibai.csv", encoding="utf-8-sig", newline="") as shiga:
    layuka = list(csv.reader(shiga))

with open("dalibai_manya.csv", "w", encoding="utf-8-sig", newline="") as fita:
    marubuci = csv.writer(fita)
    for layi in layuka:
        marubuci.writerow([gida.strip().upper() for gida in layi])
```

Lura da abubuwa guda uku a nan. Sabon fayil muka rubuta, tsohon yana nan bamu taɓa shi ba. `strip` yana share sararin da masu shigar da bayanai suke bari a gaba ko bayan suna, wanda ido baya gani amma yana hana bincike ya dace. Sai kuma `encoding`, wanda shine mafi muhimmanci. In baka rubuta shi ba a Windows, Python zai iya karanta fayil ɗin da tsohon tsarin Windows na Yammacin Turai, sai bayit biyun nan na ƙ su rabu kowanne ya zama harafin kansa, ƙasa ta koma Æ™asa, ka yi `upper` ka samu Æ™ASA. Duk ranar da kaga wannan Æ™ ɗin a sikirin ko a takarda, to ba `upper` bane mai laifi, wajen buɗe fayil ne aka yi kuskure. Wajen rubutawa kuma in ka manta, sai ya tsaya cak da `UnicodeEncodeError`. Shi `utf-8-sig` bambancinsa da `utf-8` zalla shine yana sa wata ƴar alama a farkon fayil wadda Excel ke gani ya gane UTF-8 ne, kuma wajen karantawa yana cire ta don kada ta manne a jikin sunan farko.

Wani abin da zai tsayar maka da aiki a tsakiya shine gidan da babu komai. A CSV gidan da ba a cike ba rubutu ne mara komai, wannan ba matsala. Amma in daga rumbun bayanai kake ɗaukowa zai iya zuwa a matsayin `None`, sai kaga `AttributeError` yana cewa NoneType bashi da `upper`. Lamba ma haka, 2024 da ba a sa ta cikin alamar zance ba bata da `upper`. Ka tare su tun da wuri:

```python
def babba(abu):
    if abu is None:
        return ""
    return str(abu).strip().upper()
```

Masu aiki da pandas, kayan aikin Python na sarrafa teburin bayanai, kuma `df["gari"].str.upper()` ne, shi yana tsallake gidajen da babu komai da kansa.

Mataki na huɗu, a nan nake so ka natsu sosai don shi ne ya fi shafar Hausa bayan ƙugiya. Sau da yawa ba duka ake so manya ba, harafin farko na kowace kalma kawai ake so, kamar a suna ko kanun labari. Python yana da `title`, kuma kowa shi yake fara ɗauka:

```python
print("jami'ar bayero kano".title())
```

Abin da zai fito shine Jami'Ar Bayero Kano. Kaga A ɗin nan da ta miƙe a tsakiyar kalma? `title` yana ɗauka duk inda yaga alamar da ba harafi ba to sabuwar kalma ta fara, mu kuma alhamza a cikin kalmominmu take zaune, ma'aikata, jama'a, sana'a, addu'a, duk zai lalata su, Ma'Aikata, Sana'A. Masu rubuta k' da d' a madadin ƙ da ɗ su ma abin ya same su, k'asa zata koma K'Asa.

Sai kace to bari in koma `capitalize`, ko `capwords` na cikin `string` wanda yake raba kalmomi ta sarari. Wannan ya gyara jami'ar, amma ya kawo wata, don shi harafin farko kawai yake kallo ko mene ne shi. `"'yan kasuwa".capitalize()` zai bar maka 'yan kasuwa yadda yake, saboda abin da ke farko alhamza ce, ita kuma bata da babba. Kenan ɗaya ya lalata tsakiya, ɗaya ya kasa farko. Ni abin da nake yi shine in rubuta nawa, gajere ne:

```python
def babban_farko(kalma):
    for i, h in enumerate(kalma):
        if h.upper() != h.lower():
            return kalma[:i] + h.upper() + kalma[i+1:].lower()
    return kalma

def gyara(rubutu):
    return " ".join(babban_farko(k) for k in rubutu.split())
```

Abin da yake yi, yana bin kalma harafi harafi har ya iso na farko da yake da babba da ƙarami, ya girmama shi, sauran ya ƙanƙanta su, abin da ke gabansa kuma ya barshi yadda yake. `gyara("'yan kasuwa")` zai baka 'Yan Kasuwa, `gyara("jami'ar bayero")` ya baka Jami'ar Bayero, `gyara("ɗakin karatu")` ya baka Ɗakin Karatu. Wani zai ce me yasa ban yi amfani da `isalpha` ba wajen gane harafi. Dalili shine alhamzar da mutane ke bugawa ba iri ɗaya bace, akwai miƙaƙƙiya ta kibod, akwai lanƙwasasshiya da Word yake sakawa da kansa, akwai kuma wata ta uku ʼ wadda Unicode yake lissafa ta a cikin haruffa, ita `isalpha` zai ce mata eh, sai aikin ya tsaya a kanta y bata girma ba. Gwajin babba da ƙarami yana tsallake duka ukun. Abin da wannan kod ɗin bai yi ba shine suna mai karan ɗori, abdul-aziz zai fito Abdul-aziz, in kana son A ta biyu ta girma sai ka ƙara raba kalmar ta karan.

Mataki na biyar, kwatanta rubutu. Mutane da yawa dalilinsu na yin `upper` shine suna so in mutum ya rubuta kano ko Kano ko KANO a gidan bincike duk ya samu abu ɗaya. Yana aiki, amma Python yana da abin da aka yi musamman don wannan tun sigar 3.3, sunansa `casefold`:

```python
if shigarwa.strip().casefold() == gari.casefold():
    print("an samu")
```

A Hausa zalla sakamakonsu ɗaya ne, amma manhaja bata zama a gari ɗaya. Jamusanci yana da harafin ß wanda in ka girmama shi yake zama SS, `"straße".upper()` zai baka STRASSE, haruffa 6 sun koma 7, don haka kada ka taɓa ɗauka tsawon rubutu zai zauna yadda yake bayan `upper`. Turkanci kuma i mai ɗigo babbanta İ ce mai ɗigo, akwai wata ı mara ɗigo daban, shi `upper` na Python baya duba yaren mai amfani, I zai baka kawai. Ka sani kuma babu ɗaya daga cikinsu da zai haɗa maka ƙasa da kasa, a wajen kwamfuta haruffa ne daban, kuma gaskiyarta ne don ma'anarsu ma daban. In kana so wanda bashi da kibod na Hausa ya rubuta kankara ya samu Ƙanƙara, wannan aiki ne na daban, sai ka yi kwafi na biyu na bincike wanda ka maida masu ƙugiya marasa ƙugiya, na asali yana gefe.

Abu ɗaya da zan roƙe ka, kalmar sirri kada ka taɓa yi mata `upper` ko `casefold`. Kana rage mata ƙarfi ne kai tsaye.

Rubutun ajami da Larabci basu da babba da ƙarami, `upper` zai dawo maka da su yadda suke ba tare da wani kuskure ba. Sai dai ka kula da `isupper`, in rubutun babu ko harafi ɗaya mai babba da ƙarami zai ce `False`, har `"2024".isupper()` ma `False` ne, don haka kada ka gina sharaɗin karɓar fom a kansa kai tsaye.

Yanzu sauran yarukan a gurguje. Katin makarantar can da PHP aka yi shi, da `strtoupper`, wanda bayit bayit yake bi kuma a zuwa z ya sani. Gyaran da na yi kenan:

```php
echo mb_strtoupper("haɗeja", "UTF-8");
```

JavaScript bashi da wannan damuwar, `"ƙanƙara".toUpperCase()` yana bada ƘANƘARA daidai, zaka iya gwadawa yanzu ma in ka danna F12 a burauza ka shiga Console. In Turkanci kake hulɗa da shi akwai `toLocaleUpperCase("tr")`. A CSS akwai `text-transform: uppercase`, wannan ido kawai yake canzawa, abin da mutum ya rubuta a fom haka zai isa saba, wato kwamfutar da ke karɓar bayanan, da ƙananansa, wanda wani lokacin ma shi ake so. A C kuma `toupper` harafi ɗaya mai bayit ɗaya yake karɓa, ƙ ɗinmu mai bayit biyu bazai shiga ba.

Wanda ya fi yaudarar mutane shine rumbun bayanai na SQLite, saboda yana zuwa tare da Python kuma manhajojin Android da yawa shi suke amfani da shi. `UPPER` na cikinsa ASCII kawai yake yi, `SELECT UPPER('ƙasa')` zai baka ƙASA. Kana cikin Python 3, komai naka UTF-8 ne, amma sakamakon ya fito a lalace saboda aikin a hannun SQLite ya faru. Ko dai ka ɗauko rubutun ka girmama shi a Python, ko ka ara wa SQLite naka:

```python
import sqlite3

db = sqlite3.connect("makaranta.db")
db.create_function("BABBA", 1, babba)
for layi in db.execute("SELECT BABBA(gari) FROM dalibai"):
    print(layi[0])
```

Wannan `babba` ɗin shine wanda muka rubuta a sama, mai tare `None`.

Mataki na ƙarshe, gwaji. Ni duk aikin da zan fara, ko wane yare ne, akwai layin da nake fara jefa masa kafin in yarda da shi:

```python
gwaji = "ƙasa ɗaki ɓera ƴaƴa jama'a"
assert babba(gwaji) == "ƘASA ƊAKI ƁERA ƳAƳA JAMA'A"
assert gyara(gwaji) == "Ƙasa Ɗaki Ɓera Ƴaƴa Jama'a"
```

In yayi shiru to komai daidai, in ya yi ƙara da `AssertionError` sai ka koma baya ka duba. Kuma kada ka tsaya a sikirin, ka bi layin nan har inda zai ƙare, ya shiga rumbun bayanai ya fito, ya shiga PDF, ya fita ta firinta. Don akwai matsalar da bata cikin kod sam: wani salon harafin yana da ƙaramin ƙ amma bashi da babban Ƙ ko Ɗ, sai kaga ɗan akwati fanko a wurin, ko kuma harafin ya fito da wani salo daban ya fi sauran kauri. In kaga haka ka buga `ord` na harafin, in ya baka 408 na Ƙ ko 394 na Ɗ to kod ɗinka lafiya lau, salon harafin zaka canza, Noto Sans na Google yana da su duka. A makarantar can sai da muka buga kati ɗaya na gwaji da layin nan a gurbin suna, muka duba shi a hannu, sannan muka saki sauran.